Ɗan Haya da Mai Gida: Yadda Wata Cibiya a Bauchi Ta Zaɓi Manhajojin Adana Tarihi

Fayil ɗaya ne ya tayar da wannan magana. Wata ƙaramar cibiyar adana kayan tarihi a cikin garin Bauchi, wadda nake cikin kwamitin da ke ba ta shawara, ta karɓi tsohuwar kwamfuta daga iyalan wani malami da Allah ya yi wa rasuwa, a cikinta kuwa akwai waƙoƙin wa'azi da ya juyo da hannunsa daga ajami zuwa boko a shekarun 1990. Da aka kwashe fayilolin aka buɗe na farko a sabuwar kwamfuta, sai aka tarar duk inda ya kamata a ga ƙ ko ɗ ko ɓ wata alama ce dabam ta tsaya, wani wurin alamar kuɗin Ingila, wani wurin ɗan akwati fanko. Fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, ko ɗigo bai ɓace daga cikinsa ba. Abin da ya faru shi ne marigayin ya yi aiki da wani zubin haruffa na wancan zamani, irin wanda ake ɗora haruffa masu lanƙwasa a gurbin wasu alamomi kafin tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa ta kansa, ya game ko'ina, kuma zubin haruffan ya zauna a tsohuwar kwamfutar bai biyo fayilolin ba. Rubutun da bai cika shekara talatin ba ya gagari karantuwa, alhali a ɗaki na gaba akwai takardun ƙarni na 19 cikin gafaka waɗanda duk almajirin da ya yi nisa zai zauna ya karanta su ba tare da wata na'ura ba.

Daga nan shugaban cibiyar ya nemi kwamiti ya zaɓo manhajar da za ta riƙe musu kayan da suke mayarwa cikin kwamfuta, yadda jikoki za su same su. Wannan rubutu bayani ne na yadda aka yi zaɓin, da kuskuren da muka fara yi, da abin da aka tsaya a kai, da kuma abin da har yanzu bai warware ba.

Kayan da ke hannu

Abin da cibiyar ke riƙe da shi kashi huɗu ne, kuma kowane kashi da irin rigimarsa. Akwai hotunan takardun Larabci da na ajamin Hausa da Fulatanci, waɗanda akasarinsu ba mallakar cibiyar ba ne, iyalai ne ke ba da aro a ɗauki hoto a mayar musu. Akwai kaset-kaset na tafsiri da hirarraki da dattawa. Akwai bidiyon hawan salla da naɗin sarauta. Sai kuma fayilolin da tun asali a kwamfuta aka haife su, irin na marigayin nan.

Kafin a yi maganar kowace manhaja, sai da muka zauna muka yi lissafin nauyi, domin wanda bai san girman kayansa ba ba zai san jakin da zai nema ba. Shafi ɗaya mai girman A4, idan aka ɗauke shi mai launi a kan ɗigo 400 cikin kowane inci aka ajiye shi a sigar TIFF ba tare da matsewa ba, yana cin kusan megabait 46. Littafi mai shafi 300 ke nan ya doshi gigabait 14. Sauti kuma, idan aka bi ma'aunin da masu adana sauti suka fi so, wato kilohaz 96 da bit 24 a layi biyu, awa ɗaya tana cin gigabait 2 da ɗoriya, don haka kaset ɗaya mai minti 90 ya haura gigabait 3. Bidiyo ya fi su duka haɗama. Wannan lissafi shi kaɗai ya kashe wani tunani da wasu suka zo da shi, cewa a riƙa tura komai ta intanet kullum da yamma, domin kuɗin data da jinkirin layi ba za su bari ba.

Sannan akwai halin da wurin yake ciki, wanda ba a rubuta shi a takardar tallan kowace manhaja. Wuta tana zuwa tana ɗaukewa, cibiyar da sola da inbata take rayuwa, batiran kuma ba sa kai na'ura mai nauyi har asuba. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, zafin bazara kan kai digiri 40. Ma'aikacin da ya san kwamfuta sosai mutum ɗaya ne, mataimakinsa kuwa ɗan bautar ƙasa ne wanda zai tafi da zarar shekararsa ta cika.

Teburin maki, da dalilin da ya sa aka yar da shi

Mun fara ne kamar yadda kowane kwamiti ke farawa. An zana tebur, an jera manhajoji a sama, an jera siffofi a gefe, ana ba da maki daga ɗaya zuwa biyar. Cikin waɗanda aka jera akwai DSpace, wadda jami'ar MIT da kamfanin HP suka fitar a 2002, kuma jami'o'in Najeriya da dama suna ajiye kundayen digiri a cikinta. Akwai Archivematica da AtoM na kamfanin Artefactual da ke Kanada. Akwai Omeka da aka gina a jami'ar George Mason ta Amurka domin baje kolin kayan tarihi. Sai kuma wata manhajar haya da wani dillali ya zo ya nuna mana, wadda ake biyan kuɗinta duk shekara da dala, kayan kuma suna zaune a sabar kamfanin, wato babbar kwamfutar ajiyarsa, a ƙasar waje.

Manhajar hayar ce ta lashe teburin, kuma da tazara. Fuskarta kyakkyawa ce, bincike a cikinta yana da sauri, ba ta bukatar mu sayi sabar, ba ta bukatar injiniya. Saura kaɗan a rubuta wasiƙar amincewa, sai ma'ajin kwamiti, wanda tsohon ma'aikacin banki ne kuma bai damu da kwamfuta ba, ya tambayi dillalin me zai faru da kayan idan shekara ta zagayo cibiyar ba ta da abin biya. Amsar da aka bayar ita ce za a ba da wa'adi a sauke kayan. Ya sake tambaya a wace siga za su sauko, kuma ko bayanan da aka shekara ana shigarwa za su biyo su. A nan amsar ta fara tsawo ba tare da ta isa ko'ina ba.

Tambayar ma'ajin tana da tushe. A watan Yunin 2023 aka saki farashin naira, dalar da take kusan naira 460 a farashin hukuma ta haura naira 1,500 a farkon 2024, ke nan duk wanda ya ɗaura yarjejeniya da dala ya wayi gari kuɗinsa ya ninka fiye da sau uku ba tare da an ƙara masa komai ba. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku da dama suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka shiga matsala. A watan Oktoban 2023 kuma masu garkuwa da fayiloli suka afka wa Babban Laburaren Birtaniya, wanda ke ɗauke da hotunan takardun ƙasashe da yawa ƙarƙashin shirinsa na ceto kundayen da ke cikin haɗari, aka yi watanni manyan ayyukansa na intanet a tsaye. Idan haka ta sami mai wannan ƙarfi, babu dalilin da zai sa ƙaramar cibiya a Bauchi ta ɗora dukan ƙwanta a kan tsanin da ba nata ba.

Da muka koma kan teburin sai muka ga inda ya yaudare mu. Duk layukan da muka zana suna auna abin da manhaja ke yi ne tana raye, babu layi ɗaya da ke auna abin da za ta bari idan ta mutu. Manhaja kuwa mutuwa take yi, ko ta kuɗi ce ko ta kyauta. An daina tallafa wa Python 2 a ranar 1 ga Janairu 2020, Adobe ta rufe Flash a ƙarshen wannan shekarar, sannan CentOS 8 da aka yi wa alkawarin kulawa har 2029 aka katse shi a ƙarshen 2021, mutane da yawa da suka gina sabar a kansa suka shiga neman mafita. Ko Ubuntu, wanda ake yaba wa da daɗewa, shekara biyar ce kulawar yau da kullum da yake ba fitowarsa mai dogon zango. Wanda ke maganar shekara hamsin, to ya san zai sauya manhaja sau da yawa kafin a kai can. A ganina wannan ne wurin da aikin kwamitin ya juya: muka daina ɗaukar manhaja a matsayin gidan da kayan za su zauna, muka koma kallonta a matsayin ɗan haya, wanda tun ranar shigarsa ake sharaɗin yadda zai fita ya bar ɗaki yadda ya same shi.

Gwaje-gwajen da suka maye gurbin tebur

Mun jingina da abubuwa biyu da aka riga aka yi. Na farko shi ne tsarin OAIS, wanda hukumomin binciken sararin samaniya suka tsara ya zama ma'aunin ISO 14721 a 2003. Amfanin da ya yi mana shi ne ya raba ƙunshi uku: abin da aka kawo, abin da aka ajiye, da abin da ake miƙa wa mai nema. Da wannan rabon muka gane cewa mun cakuɗa aikin ajiya da aikin nuni, muna neman manhaja ɗaya ta yi duka. Na biyu shi ne matakan adanawa na ƙawancen NDSA na Amurka, waɗanda suka fito a 2013 aka sabunta su a 2019, shafi ɗaya tak, kuma ba sa tambayar wace manhaja ka saya, sai dai kwafi nawa kake da shi, a ina suke, da yaushe ka duba lafiyarsu.

Daga nan aka haɗa wani ɗan tarin gwaji: littafin ajami ɗaya, kaset ɗaya, bidiyo ɗaya, da fayilolin marigayin. Kowace manhaja sai ta haɗiye wannan tarin, sannan a yi mata abubuwa huɗu.

Gwajin farko shi ne na fita, kuma shi ya fi kowanne nauyi. Bayan an shigar da kayan, sai a kashe manhajar gaba ɗaya, a cire faifan ajiya a kai shi wata kwamfuta da ba ta san komai ba, a ga abin da mutum zai iya fahimta da idonsa. DSpace tana ajiye fayiloli a rumbunta da sunayen lambobi masu tsawo, ba tare da sunan asali ba, sanin wane ne wane yana cikin ma'ajiyar bayananta ta PostgreSQL. Wannan ba aibi ba ne a wurin jami'ar da ke da ma'aikatan kwamfuta, kuma manhajar tana da hanyar fitar da ƙunshin ajiya idan an umarce ta tun tana aiki. Amma tambayarmu ita ce ranar da babu mai umartar, ranar da sabar ta ƙone aka tsira da faifai kawai. Archivematica ta fi dacewa da wannan tambayar, domin abin da take fitarwa jaka ce ta BagIt, a ciki ga fayilolin asali, ga kwafinsu a sigar ajiya, ga kundin METS mai ɗauke da tarihin duk abin da aka yi musu bisa ƙa'idar PREMIS. Ko manhajar ta ɓace daga doron ƙasa, jakar tana karantuwa.

Ya kamata in tsaya kan BagIt, domin ita ce ta zama ginshiƙin abin da aka zaɓa. Ba manhaja ba ce, ƙa'idar shirya kaya ce da Laburaren Majalisar Amurka da Laburaren Dijital na Kalifoniya suka tsara, aka wallafa ta a matsayin RFC 8493 a 2018. Folda ce ta yau da kullum, kayan suna cikin wata ƙaramar folda mai suna data, a gefe kuma akwai 'yan takardun rubutu zalla, ɗaya tana cewa wannan jaka ce, ɗaya tana faɗin wanda ya haɗa ta da ranar, ɗaya kuma tana jera kowane fayil da hatiminsa. Hatimin nan lamba ce da ake lissafowa daga cikin fayil ɗin kansa. Idan da SHA-256 aka yi, alamomi 64 ne, kuma ɗigo ɗaya ya sauya a cikin fayil, hatimin zai fito dabam. Mai kula da takardun cibiyar, wanda ya yi karatun zaure kafin boko, shi ya fi kowa saurin kama wannan, ya ce ai abin da malamai ke yi ne idan an gama kwafar littafi, ɗaya yana karanta asali ɗaya yana bin kwafi, sai dai wannan ba ya gyangyaɗi. PREMIS kuma ya kwatanta ta da silsilar ijaza, wane ya karɓa daga wane, a ina, yaushe.

Gwaji na biyu shi ne na ɓarna da gangan. An buɗe hoton shafi ɗaya an sauya bait ɗaya a tsakiyarsa, abin da ido ba zai gani ba, aka zuba ido a ga wace manhaja za ta yi kuka. Duk wadda ke sake lissafa hatimi ta kama shi. An tsayar da SHA-256 ne saboda an daɗe da nuna cewa ana iya ƙirƙiro fayil biyu mabambanta masu hatimi iri ɗaya idan da tsohuwar hanyar MD5 aka lissafa shi, SHA-1 ma masu bincike na Google da cibiyar CWI ta Amsterdam sun karya shi a 2017. Don gano lalacewar faifai kawai MD5 ya isa, amma takardun da suka shafi gado da filaye suna iya haɗuwa da mai son zuciya.

Gwaji na uku bai da wata fasaha: ana tsakiyar shigar da kaya sai a zare waya daga bango. Manyan manhajojin da ke tafiya da sassa da yawa a lokaci ɗaya su suka fi jin jiki. Archivematica, alal misali, tana tafiya ne tare da MySQL da Elasticsearch da Gearman da Nginx a kan Linux, kuma an gina ta ne da zaton sabar da ba a kashewa. Tayar da irin wannan bayan yankewar wuta aiki ne na wanda ya san kan abin, a wurinmu kuwa mutum ɗaya ne ya sani. Ƙananan kayan aiki da ake kunnawa su gama su mutu ba su damu ba, sai dai a sake farawa.

Gwaji na huɗu shi ne na harshe, kuma babu littafin jagora daga waje da ya gargaɗe mu a kansa. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ da ƴ suna da gurbinsu a Unicode, amma samun gurbi dabam, tsira a kan hanya dabam. Manhajojin ajiya da dama suna gyara sunayen fayiloli su mayar da su haruffan Ingilishi zalla don gudun matsala, a nan kuwa ɗaki ya koma daki, ƙasa ta koma kasa, ɓari ya koma bari. Jadawalin bayanai da aka ajiye a sigar CSV da tsarin haruffa na UTF-8, idan aka danna shi sau biyu ya buɗe a Excel, sau da yawa haruffan kan watse, wanda bai lura ba kuma ya adana a haka, ɓarnar ta zauna. LibreOffice yana tambayar tsarin haruffa kafin ya buɗe, shi ya sa aka tsayar da shi don wannan aikin. An kuma yanke cewa sunan fayil lamba ce kawai da haruffa marasa lanƙwasa, cikakken suna kuma da ƙ ɗinsa da ɗ ɗinsa yana cikin bayanan rakiya.

Bayanan rakiyar su ma sai da aka yi musu ƙari. Dublin Core, tsarin rubuta bayanan rakiya mai gurabe 15, gurbi ɗaya yake da shi na harshe, alhali takardunmu suna bukatar a bambance harshe da rubutu, domin Hausa da ajami da Hausa da boko harshe ɗaya ne a tufa biyu; aka ɗauki lambar ha-Arab da ha-Latn. Kwanan wata ya fi wahala. Manhaja tana son shekara da wata da rana na Miladiyya, marubucin waƙa kuwa ya ɓoye shekarar Hijira a cikin ramzi a baitin ƙarshe, sai mai hisabi ya warware. Aka buɗe gurabe uku: yadda aka rubuta, shekarar Hijira, da kiyasin Miladiyya, tare da sunan muƙamin wanda ya yi kiyasin. Ga kuma jerin shafuka. Littattafanmu warwara suke, ba a ɗinke su ba, abin da ke riƙe da jerinsu shi ne kalmar da magwafi ke sa wa a ƙasan shafi wadda da ita shafi na gaba zai fara. Duk manhajar da ke jera hotuna bisa ranar shigarwa ta faɗi nan take.

Abin da aka tsaya a kai

Ba a ɗauki manhaja ɗaya babba ba. An ɗauki sarƙar ƙananan sassa, kowanne da aiki ɗaya, kowanne kuma an rubuta sunan magajinsa a gefe. Gane sigar fayil aikin Siegfried ne, magajinsa DROID, su biyun kuma daga rajistar PRONOM ta Ma'adanar Tarihi ta Birtaniya suke sha, don haka sauya ɗaya da ɗaya ba ya taɓa bayanan da aka tara. Tabbatar da cewa TIFF ya cika ƙa'idarsa aikin JHOVE ne, wadda yanzu gidauniyar Open Preservation ke kula da ita, PDF/A kuma veraPDF. Sauti yana zama a sigar WAV ta gidajen rediyo, wadda ke ɗaukar bayani a cikinta. Bidiyon da aka kwaso daga kaset yana zama a FFV1 cikin Matroska ta hanyar FFmpeg, siga ce da ke matsewa ba tare da zubar da komai ba, kuma an wallafa ƙa'idarta a matsayin RFC 9043 a 2021. Wanda aka ɗauka da waya ko kyamarar zamani kuwa ana barinsa a sigar da ya zo. Komai sai ya bi ta ClamAV kafin ya shiga, saboda filashin da ke yawo shagunan kwamfuta ba a rasa shi da cuta. A ƙarshe a ɗaure a jakar BagIt.

Sharuɗɗan shigar kowane sashe cikin sarƙar su ne tushensa ya zama a buɗe, ya yi aiki ba tare da intanet ba, abin da yake fitarwa ya zama rubutu zalla ko siga mai wallafaffiyar ƙa'ida, sannan a ga alamar masu kula da shi sun wuce mutum ɗaya ko kuma akwai magaji a shirye. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya jawo gardama, domin wasu kayan aiki masu kyau ƙwarai mutum ɗaya ne ke riƙe da su, Siegfried ma daga hannun mutum ɗaya ya fito. An karɓe shi ne saboda ranar da ya tsaya ba za a yi asarar komai ba sai saurinsa.

Wajen ajiya, an bi mataki na biyu na NDSA, kwafi uku, aƙalla ɗaya a wani gari. Ɗaya yana cibiyar, ɗaya yana wani gini dabam a Bauchi a cikin akwatin ƙarfe ba a jone da komai ba, na uku kuma yana Gombe, tafiyar kusan kilomita 150, a hannun wata cibiya da aka yi musayar amana da ita, su riƙe namu mu riƙe nasu. An duba kaset ɗin ajiyar bayanai na LTO, wanda fitowarsa ta tara (LTO-9) ke ɗaukar terabait 18, amma na'urar karanta shi tana da tsada, ba ta shiri da ƙura, kuma na'urorin LTO-8 da LTO-9 ba sa karanta kaset da ya girme su da fiye da fitowa ɗaya, ke nan ita ma sai an riƙa ƙaura. Faifan CD da ake ƙonawa a gida rininsa yana dusashewa, filashi kuma yana iya zubar da abin da ke cikinsa idan ya daɗe ba a jona shi ba. Aka tsaya kan faifai mai juyawa, daga kamfanoni biyu mabambanta, da niyyar sauya su duk shekara biyar ko ba su nuna gajiya ba. Wani ƙaramin darasi ya zo a nan: bidiyon farko ya ƙi hawa faifan da aka saya, aka yi ta zargin na'ura, ashe faifan a tsarin FAT32 yake, wanda ba ya karɓar fayil da ya kai gigabait 4.

Nuni ga jama'a an bar wa AtoM, da ƙananan kwafi kawai, bisa fahimtar cewa ranar da ta rushe za a sake gina ta daga jakunkuna. Wannan rabuwar ta warware wata damuwa ta iyalai, domin cikin takardun akwai wasiƙun gado da laƙani da sirrin gida da masu su suka yarda a adana amma ba su yarda a baje ba, ga kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 game da hirarrakin mutanen da ke raye. Abin da ba a yarda a nuna ba, ba ya ma isa na'urar da ke jone da intanet.

Kuɗin da wannan zaɓi ya ci

Ba zan ce an samu wannan a banza ba. Abin da Archivematica za ta yi da kanta, ta rubuta tarihinsa ba tare da mantuwa ba, yanzu mutum ne ke yi mataki-mataki yana cike jadawali, mutum kuwa yana gajiya, yana tsallake layi ranar da baƙi suka yi yawa. Tarihin da muke rubutawa bai kai cikar PREMIS ba, gurabe kaɗan ne aka aro daga cikinta. Mutum biyu a kwamitin har yanzu suna ganin da an daure an ɗauki Archivematica an horar da ma'aikaci, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Abin da aka rubuta shi ne za a sake duba maganar idan aka samu ma'aikacin kwamfuta na biyu na dindindin da batiran da za su kwana da sabar, kuma da yake tana karɓar jakar BagIt a matsayin abin shigarwa, ƙofar a buɗe take.

An ƙara gwaji na biyar daga baya, wanda ba manhaja yake aunawa ba. Aka ba sabon ɗan bautar ƙasa littafin matakai da aka rubuta da Hausa da Ingilishi, aka hana jami'in kwamfuta buɗe baki, aka ce ya ɗauki kaset ɗaya ya kai shi har jaka, sannan ya dawo da littafin ajami ɗaya daga kwafin Gombe. Ya maƙale a wurare da dama, kowane wuri kuma an gano wani abu ne da jami'in ya sani a ka bai taɓa rubutawa ba, ciki har da kalmar sirrin faifan da ke akwatin ƙarfe. An gyara littafin, an buga shi a takarda, an sa kwafi a kowane akwati tare da faifan, an kuma mayar da wannan gwaji abin yi duk lokacin da sabon ɗan bautar ƙasa ya zo.

Fayilolin marigayin kuwa, an koma tsohuwar kwamfutar an ciro zubin haruffan kafin ta ƙarasa mutuwa, an zana jadawalin wace alama ce ke tsaye a madadin wane harafi, an juya rubutun zuwa Unicode. A jakarsu yanzu akwai fayil na asali yadda ya zo, da zubin haruffan, da jadawalin, da sabon kwafi. Sai dai a waƙoƙi biyu marigayin ya yi amfani da wata alama ta biyar da ba ta dace da ko ɗaya cikin haruffa huɗun ba, tana fitowa ne a ƙarshen wasu baitoci kawai. Mai kula da takardu yana zaton alamar jan murya ce wajen rerawa, babban ɗan marigayin kuma yana ganin wuraren da mahaifinsa ya yi shakkar karatun ajamin ne. An bar alamar yadda take, an rubuta ra'ayoyin biyu a bayanan rakiya, an kuma aika wa iyalan su duba ko asalin takardun ajamin suna cikin gafakar da aka ce tana wurin ƙanensa a Azare.